Ohm 32, 80 Ko 250: Ma'anar Imfidans Ga Mai Son Sauya Hedifon

Imfidans shi ne gwargwadon turjiyar da hedifon ke yi wa wutar sautin da waya ko kwamfuta ke tura masa. Da ohm ake auna shi, a jikin kwali kuma za ka gan shi da alamar Ω: 32Ω, 80Ω, 250Ω, 300Ω. A kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan titin Beirut a Kano za ka ji ana cewa wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi daɗin sauti. Ba haka ba ne. Lambar ba ta auna daɗi. Abin da take gaya maka shi ne irin na'urar da za ta iya ciyar da hedifon ɗin. Wanda ya bar iyafis ɗin da ya saba da shi ya tara kuɗi don sayen babba, nan ne ya fi samun matsala.

A cikin kowane kunne na yawancin hedifon akwai maganaɗisu, da kwayil na siririyar wayar tagulla, da tantani mai laushi da aka manna wa kwayil ɗin. Idan wutar sauti ta ratsa kwayil, sai ya riƙa kai da komo a jikin maganaɗisun, tantanin ya kaɗa iska, kunne ya ji. Idan aka yi amfani da waya siririya ƙwarai aka naɗa ta zagaye da yawa, turjiya ta ƙaru, ohm ya hau. Idan wayar ta ɗan fi kauri kuma naɗin kaɗan ne, ohm ya sauka. Kamar tankin ruwa ne a saman gida: volt shi ne ƙarfin turin ruwan, mai ohm da yawa kuma siririn bututu ne, sai da turi mai ƙarfi ruwa ke fita yadda ake so. Mai ohm kaɗan ba ya neman turi sosai, amma yana jan wuta da yawa.

Ɗauki Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda ake yin sa iri uku: 32Ω, 80Ω da 250Ω. Kamfanin ya rubuta cewa yana ba da sauti mai ƙarfin dB 96 (dB shi ne ma'aunin ƙarar sauti) idan aka ba shi miliwat ɗaya (mW, ma'aunin ƙarfin wutar da ke shiga hedifon). Lissafin ƙarfin da ke shiga hedifon mai sauƙi ne: ka ninka volt da kansa, ka raba da ohm. Ƙaramin dongul (guntuwar igiyar da ake jona hedifon da waya ta cikinta) na Apple mai USB-C, irin na kasuwar Amurka, yana ba da volt ɗaya. A kan mai 250Ω, miliwat 4 ke nan, wato dB 102 a ƙarshen iyawarsa. A kan mai 80Ω miliwat 12.5 ne, kusan dB 107. A kan mai 32Ω kuwa miliwat 31, kusan dB 111. Irin wannan dongul da ake sayarwa a Turai rabin volt yake bayarwa, kuma rabin volt na nufin an rage dB 6 daga kowanne. Mai 250Ω ya dawo dB 96.

Wani zai ce ai dB 96 ma ya isa ya kurmantar da mutum. Gaskiya ne, in da a wannan matakin kiɗa yake zama koyaushe. Amma sautin da aka ɗauka da kyau yana da tudu da kwari. Bugun ganga ko kalangu yakan zarce matsakaicin sautin waƙar da dB 15 ko fiye, na ɗan ƙiftawar ido. Idan kana sauraro a matsakaicin dB 80 zuwa 85, sai na'urar ta iya kai dB 100 ko 105 ba tare da ta shaƙe ba. Shi ya sa ake so a bar rata, a nemi haɗin da zai iya taɓa dB 105 zuwa 110, ko da ba za a taɓa saurare a can ba. Waƙoƙin zamani da ake matse su a situdiyo don su yi ƙara sukan ɓoye wannan gazawa. Inda take fitowa fili shi ne tsofaffin waƙoƙin gargajiya da aka kwafo daga kaset, da karatu ko tafsirin da aka ɗauka da murya ƙasa-ƙasa, da fina-finai. Za ka ƙure murya har ƙarshe amma sautin na nesa, bes ɗin ya rame, idan an buga ganga da ƙarfi ka ji ɗan tsagewa. Laifin ba na hedifon ba ne, wayar ce ƙarfinta ya ƙare.

To amma ohm shi kaɗai rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne lambar da ke biye da dB/mW ko dB/V a jikin kwali, wadda ke nuna saurin amsawar hedifon: ƙarar da yake bayarwa daga ƙayyadadden ƙarfin wuta. A nan ma akwai tarko, domin kamfanoni ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba. Sony MDR-7506 yana da 63Ω da dB 106 a kan miliwat ɗaya. AKG K702 yana da 62Ω da dB 105 a kan volt ɗaya. Mai kallon kwali zai rantse tagwaye ne. Amma volt ɗaya a kan 62Ω miliwat 16 ne, saboda haka idan aka mayar da na AKG zuwa ma'aunin miliwat, kusan dB 93 yake. Tazarar dB 13 ce a tsakaninsu, kuma tunda kowane ƙarin dB 3 yana neman ninkin ƙarfin wuta, kowane dB 10 kuma ninki goma, K702 na buƙatar kusan ninki 20 na abin da Sony ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Kowace waya za ta iya da Sony ɗin. AKG kuwa sai da taimako.

Ga yadda ake daidaita ma'aunan biyu a kai: don mayar da dB/mW zuwa dB/V, ƙara 15 idan hedifon 32Ω ne, 12 idan wajen 60Ω ne, 6 idan 250Ω ne, 5 idan 300Ω ne. Da zarar ka samu dB/V, ka san ƙarar da volt ɗaya zai ba ka. Volt biyu, ƙara 6.

Haka nan irin waɗanda ake kira filana, masu shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin layukan maganaɗisu, kamar HiFiMan Sundara: ohm ɗinsa bai kai 40 ba, amma dB 94 kawai yake bayarwa, kuma yana jan wuta sosai. Ƙaramin dongul zai sa shi magana, ba zai nuna maka abin da ka biya kuɗi a kansa ba.

Ita ma na'urar da ka jona hedifon a jikinta tana da nata imfidans a bakin fita. Ƙa'idar da masu harkar sauti ke bi ita ce kada nata ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon. Mai 32Ω yana son mafitar da ba ta wuce 4Ω ba, mai 300Ω zai jure har wajen 37Ω. Ramin hedifon na tsofaffin amfilifaya da wasu miksa da fiyano yakan haura 100Ω. Idan ka jona mai 32Ω a mafita mai 120Ω, kusan kashi ɗaya cikin biyar na volt ɗin ne kawai ke isa kunnenka. Sannan launin sautin kansa yana sauyawa, saboda imfidans ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lambar kwali yawanci a kan sautin 1kHz aka auna ta (Hz ma'aunin kaifi ko kaurin sauti ne, 1kHz kuma 1000Hz ne). Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ake gwada sababbi da shi, 300Ω ne a takarda, amma a wajen 100Hz, wato yankin bes, yana haura 500Ω. Mafita mai turjiya da yawa sai ta fi tura wuta a daidai wannan wuri, bes ya kumbura ya rufe muryar mawaƙi.

Me ya sa to ake yin masu ohm da yawa? Sun fi dacewa da situdiyo. Idan aka jona hedifon huɗu masu 32Ω a layi ɗaya, jimillarsu ta sauka zuwa 8Ω, amfilifaya ta galabaita ta yi zafi. Huɗu masu 250Ω kuwa wajen 62Ω suke zama. Masu ɗaukar waƙa a situdiyoyin titin Zoo da ke raba layi ɗaya ga mawaƙi da 'yan amshi ya kamata su riƙe wannan lissafi. Amfani na biyu ya shafi kowa a Kano: mai ohm da yawa ba ya saurin ɗauko shuu da gurnanin da ke biyo cajar laftof, musamman idan an koma janareto. Ƙananan na cikin kunne masu 16Ω su suka fi tona wannan hayaniya. Idan ka ji ta, zare caja. In ta ɓace, daga wutar take, ba daga hedifon ba.

Wanda waya ce kaɗai abin saurarensa, ya tsaya tsakanin 16Ω da 80Ω, da dB/mW kusa da 100 ko sama. Audio-Technica ATH-M50x, mai 38Ω da dB 99, yana cikin wannan sahu. Wanda ransa ya biya ga mai 250Ω ko 300Ω, ya ware kuɗin dongul mai volt biyu tun a cikin kasafinsa. Sennheiser HD 650, mai 300Ω, yana ba da dB 103 a volt ɗaya, da volt biyu zai kai 109, ya wadatar. Amfilifayar tebur ta fi ƙarfi, sai dai ranar da aka ɗauke wuta ta zama ado, don haka mai aiki da USB ko batir ta fi dacewa da mu. Kuma ratar da aka bari don tudun sauti ce, ba don a zauna a can ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba dB 80 na awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin dB 3 yana rage lokacin da rabi.

Kafin ka biya, musamman idan na hannu ne, je da wayarka da dongul ɗinka ka gwada da su, ba da amfilifayar mai shago ba. Sannan ka roƙi mai gyaran waya da ke kusa ya ara maka mitar da yake gwada wuta da ita, a juya ta zuwa Ω. Fulogin hedifon mai gaɓa uku ne: tsinin na kunnen hagu, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na haɗaka. Ɗora tsinke ɗaya a gindi, ɗaya a tsini, ka karanta. Sai ka matsa zuwa zobe. Abin da mita za ta nuna ba zai yi daidai-wa-daida da na kwali ba, amma zai yi kusa, kuma kunnuwan biyu su kasance kusa da juna. Idan an rubuta 250Ω mita ta nuna talatin da wani abu, ko an musanya kwali ko jabu ne. Idan gefe ɗaya ya yi nesa da ɗaya, an taɓa sauya sifika ko kwayil ya fara lalacewa. Ka kuma lanƙwasa igiyar a wuyan fulogi da inda ta shiga kunne yayin da tsinken ke kai. In lambar ta riƙa tsalle, wayar ciki ta fara tsinkewa, sai a rage maka kuɗin sabuwar igiya ko ka bar shi.