Waiwaye: Yadda Gwajin Sauƙin Amfani da Manhaja Ya Iso Kasuwannin Legas

A sashen tumatir na kasuwar Mile 12 da ke Legas, an sauke kwanduna, mai saye ya ce ya tura kuɗi, mai kaya na riƙe da waya yana jiran alat, ga rana ta haske gilashin har rubutu ba ya fita. In ya danna inda bai kamata ba, sai a ce bai iya waya ba. Fannin gwajin sauƙin amfani an gina shi ne a kan ƙin yarda da wannan hukunci.

Asalinsa yaƙin duniya na biyu ne. Matuƙan jirgin B-17 na Amurka sukan naɗe tayoyi yayin sauka alhali ɓangaren fiffike suke son motsawa, domin maɓallan biyu kamarsu ɗaya, kuma suna gefen juna. Ana ta ɗora wa matuƙa laifi har sai da masanin halayyar ɗan Adam Alphonse Chapanis ya maƙala 'yar tayar roba a kan maɓallin taya, ya ba ɗayan siffar fiffike, ta yadda hannu zai bambance ko ido bai kalla ba. Irin wannan kuskure ya ja baya sosai. Hatta jerin lambobin wayarmu, 1, 2, 3 a sama, sai da ayarin John Karlin na Bell Labs ya gwada tsare-tsare iri-iri a hannun mutane kafin wayar dannawa ta fito a 1963.

Da kwamfuta ta shiga ofisoshi, aikin ya samu ƙa'idoji. A 1982 Clayton Lewis na IBM ya bayyana dabarar sa mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana aiki. A 1986 John Brooke ya fitar da SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja, tambayoyi 10 da ke ba da maki daga 0 zuwa 100. A 1993 Jakob Nielsen da Thomas Landauer suka yi lissafin da ya haifar da shahararriyar maganar nan cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli. A 1998 ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 9241-11 ta tsayar da ma'auni uku: an kammala aikin, da wane ƙoƙari aka kammala, kuma hankalin mai shi ya kwanta?

Abin da ake yawan mantawa game da mutum biyar ɗin shi ne sharaɗinsa: dole su zama rukuni ɗaya. A nan ne Legas ta yi tuntuɓe. Wayar salula ta GSM ta zo a 2001, Babban Bankin Najeriya ya fara gwajin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, unguwar Yaba ta cika da masu haɗa manhaja, kamfanoni irin su Paga da Paystack da OPay suka bayyana. Amma galibin gwaji a ofis ake yinsa, da abokan aiki masu manyan wayoyi da Turanci a baka. Ɗan canjin Agege, mai ragunan Alaba Rago da matar da ke sayar da tuwo a Idi-Araba rukunoni ne daban, kowane na buƙatar nasa biyar. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura su duka kan turansifa da POS lokaci guda, giɓin ya fito fili.

Gwajin da ya dace da su ba shi da tsada. A je inda mutum yake sana'a, a yi da tasa wayar, ko Itel ce ko tsohuwar Tecno, ba ta mai bincike ba. A ba shi aiki uku zuwa biyar na gaske, kamar ya tura naira 5,000 ga ƙaninsa a Kano, ba a ce masa ya danna kaza ba. Mutum ɗaya na magana, ɗaya na rubuta inda aka tsaya, daƙiƙa nawa aka ɗauka, sau nawa aka koma baya. Minti talatin ya isa; mai kasuwa ba zai bar ciniki fiye da haka ba, kuma ya kamata a biya shi lokacinsa.

Inda aka fi samun cikas shi ne kara. Tambayi dattijo ko manhajar ta yi, zai ce "ta yi kyau, Allah ya taimaka", ko da ya kasa tura ko sisi. Don haka yatsa ake kallo, ba baki ba, kuma tun farko a gaya masa: "Alhaji, ba kai muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa." Ga mata, mai bincike mace ta fi samun gaskiya. Tambayoyin SUS kuwa, da yake ɗaya yabo ce ta gaba suka, kan rikita mai amsa in an fassara su kai tsaye. Sai lambobin USSD, waɗanda ake dannawa da * da # don tura kuɗi ba tare da intanet ba: lokacinsu kan ƙare kafin mai karatu a hankali ya gama shigar da lambar asusu mai lamba 10, ga cajin naira 6.98 da aka sa tun 2021.

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta shigo fannin. Tana rage wahala wajen mayar da murya rubutu, tara ƙorafe-ƙorafe masu kama da juna, da tsara daftarin tambayoyi. Sai dai Bahaushen Legas kan haɗa Hausa da Fijin da Yarabanci a jimla ɗaya, ga hayaniyar janareta, kuma na'urar kan cike abin da ba ta ji ba da kalmomin da ba a faɗa ba. Dole wanda ya ji Hausa ya bi rubutun da sautin.

Wanda ya fi haɗari shi ne mai amfani na boge, wato a umarci na'ura ta amsa kamar ɗan kasuwar Mile 12. Daga rubutun intanet ta koyi magana, shi kuwa wannan ɗan kasuwa saƙon murya yake aikawa ta WhatsApp, bai bar rubutun da za a koya daga gare shi ba. Na'urar ba za ta faɗa maka cewa yakan miƙa wa yaron shagonsa wayar, har da lambar sirri, ya tura masa kuɗin ba.