Maɓulɓular Ruwa a Tsohon Lambu: Abin da Dokar Italiya ta Ce

Wanda ya mallaki tsohon gida mai lambu a Italiya, ba shi da ikon taɓa maɓulɓular ruwan ado da aka gina a ciki yadda ya ga dama, muddin hukuma ta ayyana wurin a matsayin kayan tarihi. Tushen wannan shi ne doka mai lamba 42 ta shekarar 2004, kundin kare kayan al'adu da shimfiɗar ƙasa. Sashe na 10 ya ambaci manyan gidaje da lambuna masu darajar tarihi ko fasaha. Idan gidan na mutum ne, sai an aika masa da sanarwa a rubuce kafin kariyar ta hau kansa.

Daga nan, sashe na 21 ya ce kowane irin aiki sai da izinin Soprintendenza, ofishin ma'aikatar al'adu na yankin. Mai gida zai miƙa tsarin aikin da hotuna da bayanin kayan da za a yi amfani da su, ofishin kuma yana da kwana 120 ya ba da amsa. In abu na gaggawa ne, kamar kwarmin dutse da ya tsage yana shirin faɗuwa, sashe na 27 ya yarda a tokare shi na wucin gadi, amma a sanar da ofishin nan take. Wanda ya yi aiki ba izini, sashe na 169 ya tanadar masa ɗaurin wata shida zuwa shekara ɗaya, da tarar Yuro 775 zuwa 38,734.50.

Tsaurin nan yana da dalili, domin yawancin ɓarnar daga gyara take fitowa. Mai gini ya toshe tsaga da sumunti, sumuntin ya fi tsohon dutse tauri, ga gishiri a cikinsa, sai dutsen ya riƙa ɓarewa a gefen facin. Wani ya wanke gansakuka da injin feshi mai ƙarfi, ya tafi da fuskar sassaƙar gaba ɗaya. Ƙarfen da ke riƙe duwatsu ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa su daga ciki. Shi ya sa sashe na 29 ya keɓe gyaran sassaƙa da ado ga ƙwararru masu shaidar aikin.

A ganinmu, abin da aka fi mantawa shi ne hanyar ruwan kanta. A Villa d'Este, tsohon gida mai lambu da ke Tivoli, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001, gangare ne kawai ke tura ruwan kogin Aniene cikin magudanai da bututu tun ƙarni na 16, babu inji. Cire tsohon bututu a sa na roba ma aiki ne mai buƙatar izini.

Idan an sayar da gidan, a sanar da ma'aikatar cikin kwana 30. Gwamnati tana da kwana 60 ta saye shi a kan farashin da aka yi ciniki.