Abin da dokar Najeriya ta tanada kan ruwan da ke kewaye da ramin haƙar ma'adinai

Kamfanin da zai haƙi ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa ba zai iya aiki ba sai ya riƙa zuƙe ruwan da ke tsattsafowa cikin ramukansa dare da rana. Wannan zuƙa tana janye ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke kusa, sannan ruwan da aka fitar yakan ƙare a rafi ɗauke da abin da ya kwaso daga duwatsu. Saboda haka ne Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta haramta gurɓata ruwa ko magudanarsa a wurin haƙa, ta kuma sanya amfani da ruwa cikin abubuwan da ake neman izini na musamman a kansu.

Kafin a fara aiki, dole mai lasisi ya miƙa wa sashen kula da muhalli na ma'aikatar ma'adinai rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi bisa dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, tare da shirin gyara wurin bayan an tashi. A nan ne batun ruwa ya fi nauyi. Ana auna zurfin ruwan rijiyoyi, a ɗebi na rafi daga sama da wurin haƙar da kuma ƙasa da shi, a damina da rani, a duba tsaminsa da yawan ƙarafa irin su dalma. Wannan awon farko shi ne hujjar jama'a, domin idan rijiya ta ƙafe bayan shekara biyar, kamfani zai ce fari ne ya jawo, kuma ba abin da zai ƙaryata shi sai alƙaluman da aka rubuta tun ba a sara ƙasa ba.

Idan aiki ya kankama, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, na da ƙa'idoji biyu da suka shafi lamarin: ta 2009 kan haƙa da sarrafa kwal da sauran ma'adinai, da ta 2011 kan ingancin ruwan da ke saman ƙasa da na ƙarƙashinta. Sun ƙayyade abin da za a iya zubarwa. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa kuwa bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba. Wanda gurɓatar ruwan da yake amfani da shi ta cutar yana da haƙƙin diyya daga mai lasisin.

Rufe rami ba ya kawo ƙarshen matsalar. Idan iska da ruwa suka haɗu da dutse mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta, sai ruwan ya yi tsami ya narkar da wasu ƙarafa, kuma haka tsoffin ramukan kwal na Onyeama a Enugu suka ci gaba da malala cikin kogin Ekulu bayan an daina haƙa. Dokar 2007 ta kafa asusun da kamfanoni ke zuba kuɗi a ciki domin irin wannan gyara.

Raunin tsarin, a ganina, shi ne yawancin awon kamfanin ne ke biyan waɗanda ke yin sa. Ya dace al'umma, wadda dokar ta wajabta a ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da ita kafin fara aiki, ta nemi a rubuta cikin yarjejeniyar cewa za a riƙa ba ta sakamakon gwajin ruwa a rubuce, kuma wakilinta zai kasance a wurin duk ranar da za a ɗebi ruwan.