Gudun saman ruwa a jirgi mai inji

Gudun saman ruwa yanayi ne da ƙaramin jirgin ruwa mai inji yake shiga idan gudunsa ya kai wani matsayi, inda ruwan da ke bugun ƙasansa yake ɗaga shi, sai ya daina keta ruwa da ƙirji ya koma zamewa a kansa. Jirgin da ke tsaye, ko wanda ke tafiya a hankali, ruwan da ya ture ne yake riƙe da shi. Wanda ya hau sama kuwa gudu ne ke ɗauke da yawancin nauyinsa, kamar tsingaron da yaro ya wurga a kwance a kan kududdufi: muddin da sauran gudu ba ya nutsewa. Tsakanin yanayin biyu akwai wata 'yar gaɓa da goshin jirgi yake miƙewa sama, baya ya nutse, kuma a nan ne yawancin 'yan koyo suke maƙalewa.

Yadda abin yake faruwa

Duk jirgin da ke tafiya yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa da wata a bayansa. Gudu na ƙaruwa, tazarar igiyar na ƙara tsawo, har ta yi daidai da tsawon jirgin. Daga nan jirgin ya zauna a cikin kwarin da shi da kansa ya haƙa, kuma ƙarin wuta ba ya ƙara masa wani gudu na kirki. Ga jirgin da tsawonsa a cikin ruwa mita 4 ne, wannan iyaka tana wajen kilomita 9 a awa; ga mai mita 9, wajen kilomita 13 da rabi.

Jirgi mara nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ta baya da isasshen inji, yana iya haye igiyar gabansa ya wuce iyakar. Yayin hawan ne goshi ke ɗagawa. A wannan gaɓa matuƙi ba ya ganin gabansa sosai, injin yana shan mai da yawa, kuma igiyar da jirgin ke bari a baya ta fi ta kowane lokaci girma. Da ya haye sai goshi ya sauko, jikin da ke taɓa ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru ba tare da an ƙara wuta ba. Ƙananan jirage da yawa suna kaiwa nan tsakanin kilomita 20 zuwa 30 a awa, gwargwadon ƙira da kaya.

Tarihi

An fahimci dabarar tun kafin a samu injin da zai iya ta. A 1872 wani limamin coci a Playden da ke yankin Sussex a Ingila, Charles Meade Ramus, ya kai wa hukumar sojan ruwan Birtaniya shawarar a ƙera jirgi mai ƙasa mai matakala, wanda zai riƙa zamewa a kan ruwa. An ruwaito cewa da roka ya riƙa tura ƙananan samfuransa don ya nuna abin da yake nufi. Hukumar ta miƙa batun ga injiniya William Froude, wanda a daidai lokacin, wajen 1871 ko 1872, ya kammala gina dogon kwatamin ruwa na gwajin samfuran jirage a Torquay. Gwajin ya nuna samfurin yana ɗagawa idan gudu ya yi yawa, sai dai ƙarfin da babban jirgi zai buƙata ya fi abin da injin tururi na zamanin, da nauyin tukunyarsa da gawayinsa, zai iya bayarwa. Aka ajiye maganar. Ramus bai yi kuskure a tunaninsa ba, ya dai riga zamaninsa da kusan shekara 30.

John Thornycroft, maƙerin jirage a bakin kogin Thames, ya yi rajistar wata ƙira mai kama da wannan a 1877, shi ma ya jira. Injin fetur mara nauyi ne ya buɗe hanya a farkon ƙarni na 20. A 1910 jirginsa Miranda IV, mai tsawon wajen mita 8 da matakala ɗaya a ƙasa, ya kai kimanin kilomita 65 a awa. Daga wannan ƙira aka fitar da ƙananan jiragen yaƙi masu ɗauke da nakiyar ruwa, waɗanda sojan ruwan Birtaniya suka fara amfani da su a 1916. Ɗaya daga cikinsu, ƙarƙashin Augustus Agar, ya nutsar da babban jirgin yaƙin Rasha mai suna Oleg kusa da Kronstadt a watan Yuni na 1919.

Wanda ya fara ƙera jirgi mai inji da ya hau saman ruwa da gaske, ana saɓani a kansa tsakanin maƙeran Faransa da Ingila da Amurka.

Abin da ya kai dabarar hannun talaka shi ne injin da ake ratayawa a bayan jirgi. Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya zauna a Milwaukee, ya fara sayar da nasa wajen 1909. Sai dai jiragen farko masu shimfiɗaɗɗen ƙasa suna dukan ruwa da ƙarfi idan akwai igiya, har su jigata mutanen ciki. C. Raymond Hunt ya magance wannan da ƙasa mai tsini kamar harafin V tun daga goshi har baya, kowane gefe a karkace da digiri 24. Jirgin Moppie da ya zana wa Richard Bertram ya lashe tseren Miami zuwa Nassau na 1960 a cikin teku mai hargitsi, kuma daga lokacin wannan ƙira ta mamaye kasuwa. Tana da nata tsadar: jirgi mai tsinin ƙasa ya fi buƙatar ƙarfi kafin ya hau, kuma goshinsa ya fi daɗewa a sama. A 1964 Daniel Savitsky na cibiyar Stevens a New Jersey ya fitar da hanyar lissafin da masu zanen irin waɗannan jirage suke amfani da ita har yau.

Yadda ɗan koyo zai saukar da goshi

Aikin yana farawa tun jirgi na tsaye. Ana raba kaya da mutane yadda nauyi ba zai taru a baya ba, domin can inji da batir da tankin mai suke, ga matuƙi kuma. Mutum ɗaya ya matsa gaba yakan isa ya canza komai a ƙaramin jirgi. Zama a can kan goshi da ƙafa a waje kuwa haramun ne a dokar tuƙi ta wurare da yawa, saboda wanda ya faɗo farfela ce za ta same shi.

Na biyu, a mayar da ƙafar injin, wato sashensa na ƙasa mai ɗauke da farfela, ciki gaba ɗaya, kusa da bangon baya. A haka farfela tana ɗaga bayan jirgi tana danne goshi. Manyan injuna suna da maɓalli a jikin hannun totur, ƙanana kuma ƙusa ce ake zarewa a mayar ramin da ya fi kusa da jirgi, inji a kashe.

Sannan a duba gaba da baya, a gaya wa mutanen ciki su riƙe, a miƙe sitiyari, a ba da wuta a hankali amma ba tare da tsayawa ba. Nan ne kuskuren da ya fi yawa. Ɗan koyo ya ga goshi ya rufe masa gaba sai gabansa ya faɗi ya rage wuta, alhali ragewar ce ke zaunar da shi a gaɓar da ta fi ko'ina wuya. Abin da ya dace shi ne ya ratsa ta cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko ya koma tafiyar sannu gaba ɗaya. Idan goshi ya sauko sai a sassauta totur zuwa gudun da ake so, domin riƙe jirgi a sama bai kai hawa cin ƙarfi ba. Daga nan a riƙa ɗaga ƙafar injin kaɗan-kaɗan. Sitiyari zai yi sauƙi, feshin ruwan gefe ya koma baya, ƙarar inji ta ɗan ƙaru. Yawancin jirage sun fi tafiya daidai idan goshi ya ɗaga da digiri 3 zuwa 5.

Idan aka ɗaga fiye da kima, goshi zai fara tashi yana faɗuwa a jere, ko farfela ta shaƙi iska injin ya yi kururuwa gudu ya ragu. Maganinsa a mayar da ƙafar ciki kaɗan. Idan kuma aka bar ta a ciki ana gudu, goshi yana noman ruwa, jirgi yana fizgewa gefe. Kafin a sha kwana ana mayar da ita ciki kaɗan. Wajen tsayawa ma a rage wuta sannu-sannu, don kada igiyar da ke biye ta haura bangon baya.

Igiyar kashe inji, wato zaren da ke kashe injin idan matuƙi ya faɗi daga wurinsa, a ɗaure take a jikin matuƙi, kowa kuma da rigar ruwa, kafin a fara duk wannan.

Idan jirgi ya ƙi hawa

Dalilan da aka fi samu su ne kaya sun yi yawa, ruwa ya taru a ciki ya gangara baya, gansakuka ta kama ƙasan jirgi, farfela ta lanƙwashe, ko injin bai kai girman jirgin ba. Akwai kuma murɗin farfela, wato nisan da take ci a juyi ɗaya, wanda ake aunawa da inci. Rage inci ɗaya yana ƙara wa inji juyi 150 zuwa 200 a minti, ya sa jirgi ya hau da wuri, amma ya rage ƙarshen gudunsa. Tsayin da aka ɗaura injin ma yana da tasiri: farantin da ke saman farfela ya kamata ya zo kusan daidai da ƙasan jirgi.

Na'urorin taimako

Farantai biyu na ƙarfe da ake kafawa a gindin bangon baya, a riƙa danna su ƙasa daga wurin matuƙi, suna saukar da goshi kuma suna daidaita jirgin da ya karkata gefe ɗaya. Ana danganta irin da ake iya juyawa ga Charles Bennett a Amurka, wajen 1959 ko 1960. Fiffiken da ake ɗaurawa a ƙafar inji kuwa ana jayayya a kansa: wasu sun ce yana saurin ɗaga jirgi, wasu sun ce ɓoye matsalar farfela ko ta rabon kaya kawai yake yi.

A kogunan Najeriya da Nijar

Dogayen kwale-kwalen katako masu inji da ke fito a kogin Kwara, da tafkin Kainji wajen Yawuri, da tafkin Chadi, yawancinsu ba sa hawa saman ruwa idan an yi musu lodi, tsawonsu ne ke ba su gudu. Masu hawa su ne ƙananan jiragen roba da na faiba, irin na jami'an tsaro da na 'yan agaji. Kwale-kwalen da ya sha kaya gefensa na dab da ruwa, saboda haka matuƙin jirgi mai gudu yana sauka zuwa tafiyar sannu tun daga nesa kafin ya gifta shi, ba rabin wuta ba, domin a rabin wuta ne igiyarsa ta fi girma.