Arthur K. Asbury

Arthur Knight Asbury (1928–2022) likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ɗan Amurka, wanda ya yi suna wajen binciken cututtukan jijiyoyin da ke fita daga laka zuwa gaɓoɓi. An fi saninsa da aikinsa a kan cutar Guillain-Barré, wata irin shanyewar jiki da ke aukuwa idan garkuwar jikin mutum ta juya ta far wa jijiyoyinsa. Ka'idojin gane cutar da kwamitin da ya jagoranta ya fitar a 1978 sun daɗe suna zama ma'aunin da likitoci ke komawa gare shi.

Tasowa da karatu

An haife shi a birnin Cincinnati na jihar Ohio a 1928. Mahaifinsa, Eslie Asbury, likitan tiyata ne, kuma mai kiwon dawakin sukuwa a jihar Kentucky. A gonarsa aka haifi dokin da ya ci babbar sukuwar Kentucky ta 1954. Arthur ma aikin gona ya fara karantawa a Jami'ar Kentucky, ya gama a 1951. Bayan ya yi aikin soja sai ya juya ga likitanci, ya kammala a Jami'ar Cincinnati a 1958. Daga nan ya tafi Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, inda ya ƙware a hannun likitan jijiyoyi Raymond Adams. Ayyukansa na farko sun shafi lalacewar jijiyoyi a masu ciwon ƙoda da masu ciwon suga.

Binciken 1969

Tun a 1916 ne likitocin Faransa uku, Georges Guillain da Jean-Alexandre Barré da André Strohl, suka bayyana cutar a jikin sojoji biyu. Sun lura furotin ya hauhawa a ruwan lakarsu, alhali ƙwayoyin jini farare ba su ƙaru ba. To amma sama da shekara hamsin bayan haka ba a daidaita a kan abin da ke cin jijiyar ba. Wani babban nazari da Webb Haymaker da James Kernohan suka wallafa a 1949, a kan mutum 50 da cutar ta kashe, ya nuna cewa jijiyar ce ke fara tara ruwa, ƙwayoyin garkuwa kuwa daga baya suke isowa don kwashe abin da ya lalace. Wannan fahimta ce ta yi rinjaye a lokacin.

A can Boston kuma ana bin wata hanya dabam. A 1955 Byron Waksman da Adams suka yi wa zomaye allura da sassan jijiya, sai garkuwar jikinsu ta far wa jijiyoyinsu, suka shanye kamar yadda masu cutar ke shanyewa. Abin da ya rage shi ne a ga ko hakan ke faruwa a jikin ɗan Adam.

Asbury da Barry Arnason da Adams suka duba jijiyoyin gawarwaki 19, cikinsu har da na waɗanda suka rasu kwanaki kaɗan da fara ciwon. Suka tarar da fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ake kira limfosayit, sun taru a gefen ƙananan hanyoyin jini a cikin jijiyoyin tun daga farkon ciwon, kuma duk inda suka taru, rufin jijiyar ya zaizaye. Wannan rufi, mayelin, ya yi kama da robar da ke jikin wayar lantarki: in ya saɓule, saƙo ba ya isa ga tsoka da sauri, wani lokaci ma ba ya isa sam. Maƙalarsu ta fito a mujallar Medicine a 1969. Ita ce ta karkatar da yawancin likitoci zuwa ga ra'ayin cewa garkuwar jiki ce tushen cutar, kuma a kan wannan tunani aka gina magungunan da suka biyo baya: wankin ruwan jini, wanda wani babban gwaji a Arewacin Amurka ya tabbatar da amfaninsa a 1985, da ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiyar jini, wanda likitocin Holan suka gwada a 1992.

Murar aladu da ka'idojin 1978

A 1969 Asbury ya koma San Francisco, sannan a wajajen 1974 ya zama shugaban sashen jijiyoyi a Jami'ar Pennsylvania da ke Philadelphia, muƙamin da ya riƙe har 1982.

A 1976 gwamnatin Amurka ta yi wa mutum fiye da miliyan 40 allurar rigakafin murar aladu, bayan cutar ta ɓulla a barikin soja na Fort Dix. Sai aka fara samun rahotannin shanyewar jiki, aka dakatar da shirin a watan Disamba. An ƙiyasta ƙarin mai cutar kusan ɗaya a cikin kowane mutum 100,000 da aka yi wa allurar, kodayake an daɗe ana jayayya a kan alƙaluman, a kotu da wajen kotu. Wani ɓangare na matsalar shi ne kowane likita da nasa ma'aunin abin da yake kira Guillain-Barré. Cibiyar binciken cututtukan jijiyoyi ta gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Asbury, aka wallafa matsayar kwamitin a mujallar Annals of Neurology a 1978.

Sharuɗɗa biyu ne na dole: raunin da ke ƙaruwa a gaɓa fiye da ɗaya, da ɓacewar zaburar da gaɓa ke yi idan likita ya buga gwiwa ko agara da ɗan gudumarsa. Sauran alamu masu ƙarfafa zato ne, kamar raunin ya kama dama da hagu kusan daidai, ya kai ƙarshen tsanantarsa cikin mako huɗu, babu zazzaɓi a farko, ga kuma hauhawar furotin a ruwan laka. A 1990 Asbury da David Cornblath suka sake duba ka'idojin, suka faɗaɗa bayanin gwajin saurin saƙo a jijiya.

Ana cikin haka, a 1982, ya sa hannu tare da Richard Lewis da Austin Sumner da Mark Brown a wani rahoto kan marasa lafiya biyar masu daɗaɗɗen ciwon jijiya da ke kama wuri-wuri. Yau ana kiransa ciwon Lewis-Sumner.

Aikin ƙasar Sin

A farkon shekarun 1990 Asbury ya shiga ayarin Guy McKhann da John Griffin na Jami'ar Johns Hopkins, waɗanda suka yi aiki da likitocin birnin Shijiazhuang a lardin Hebei. A can, kowace shekara lokacin zafi, yaran ƙauye sukan cika asibiti da shanyewar jiki mai kama da shan inna, wasu sai da na'urar numfashi. Da aka duba jijiyoyin, rufin na nan lafiya, limfosayit ɗin ma kusan babu. Zaren cikin jijiyar da ke motsa tsoka ne ya lalace. Sakamakon ya fito a 1991 da 1993, kuma daga baya aka danganta ciwon da ƙwayar Campylobacter jejuni mai sa gudawa, wadda ake yawan samu a kaji da gurɓataccen ruwa.

Abin lura a nan shi ne binciken ya rage faɗin abin da Asbury kansa ya kafa a 1969. Thomas Feasby da abokansa a Kanada sun riga sun ce akwai irin wannan nau'i tun a 1986, amma da yawa ba su yarda ba. Bayan aikin Hebei aka amince cewa Guillain-Barré ba cuta guda ba ce mai hanya ɗaya. Yadda ƙwayar ke ruɗa garkuwa kuwa, wato ɓawonta na kama da wasu sinadaran jikin jijiya, Nobuhiro Yuki na Japan ne ya fi bayyana shi.

Sauran muƙamai

Asbury ya shugabanci Ƙungiyar Likitocin Jijiyoyi ta Amurka a farkon shekarun 1980, ya kuma yi babban editan Annals of Neurology na wasu shekaru. Sau biyu yana riƙon ƙwaryar shugabancin makarantar likitanci ta Pennsylvania, a 1988–1989 da 2000–2001. Ya rasu a watan Oktoban 2022 yana da shekara 93.