Analiz ɗina ya fito da ja, in yi rigakafi ko in bari?

Tun da aka shiga shirin Hajji wayata ba ta huta ba, kowa sai ya turo min hoton takardar analiz, wato gwajin jini, a WhatsApp, wani hoton ma a karkace ba a ganin lambobin, kuma tambayar dai guda ce. Shekaru nake wannan aiki na allura a nan Maradi, to ga amsa a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

An sa tauraro a gaban wata lamba, ba ni da lafiya ke nan?

Ba lalle ba ne. Iyakar da labo ke rubutawa a gefen takarda an tsara ta ne ta ɗauki kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, wato mutum 1 cikin 20 lafiyarsa ƙalau amma zai faɗa waje. Takarda guda kuma tana da layi kusan ashirin, yaushe za a rasa tauraro.

An ce jinina ya yi ƙasa.

Ki yi allurarki Hajiya. Mace in lambar jininta, wato emoglobin, ta sauka ƙasa da 12, namiji 13, mai ciki 11, sunansa ƙarancin jini, a nemi dalili a sha magani, amma ba ya hana rigakafi. Da yana hanawa da damina sai mu rufe ɗakin allura mu tafi gona.

Sai na yi analiz kafin a yi min?

Ba a buƙata. Ajiye jikkunanka.

Fararen ƙwayoyin jinina sun yi kaɗan.

In kaɗan suka sauka kuma ba ka yawan ciwo, kwantar da hankalinka. Mu mutanen Afirka ta Yamma da yawanmu haka Allah ya yi mu, ƙwayoyin da ake kira nitrofil ba su kai na Turawa yawa ba kuma ba ya cutar da mu. Amma in sun faɗi sosai, ko kana kan maganin ciwon daji, wannan maganar likita ce.

Mai suga fa, da mai hawan jini, da mai emasi?

Su ne ma kan gaba a layi. Musamman mai emasi, wanda 'yan Najeriya ke cewa sikila, saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, sanƙarau da ciwon huhu sun fi saurin kayar da shi. Wanda ya ga sanƙarau na 2015 a ƙasar nan ba sai an roƙe shi ba.

Plaket ɗina sun sauka, 120,000 aka rubuta, kuma allurar sanƙarau da ta shawara nake jira don tafiya Makka.

To nan zan tsaya, don wannan ba a amsa ta da i ko a'a. Plaket su ne ke tsayar da jini in an ji rauni, daidai ɗinsu 150,000 zuwa 450,000. A 120,000 yawanci ba komai, sau da yawa ma masassarar cizon sauro ce ta sauke su, in ka warke su koma da kansu, shi ya sa nake fara tambaya yaushe aka ɗebi jinin, kana kwance ne ko kana kan ƙafarka. Abin da muke gudu shi ne jini ya taru a cikin tsoka inda aka soka, ruwan allurar kansa ba ruwansa da wannan, don haka sai a ɗauki siririyar allura, a danne wurin da auduga minti 2 ko fiye, kar a murza. Amma fa, in lambar tana ta sauka daga wannan analiz zuwa wancan, ko ta yi ƙasa da 50,000, ko kana haɓo, dasashinka na jini in ka yi asuwaki, ko ka ga tabo a jiki ba ka bugu ba, ko kana shan maganin tsinka jini, ni dai ba zan soka maka ba sai likita ya duba. Kuma allurai biyun nan ba ɗaya ba ne. Ta sanƙarau ba ta da ƙwaya mai rai, ba ta da rigima. Ta shawara tana da ƙwaya mai rai da aka raunana, ita ce ake taka-tsantsan da ita ga mai ciki, da wanda ya haura 60 bai taɓa yi ba, da wanda ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da mai sida da CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, bai kai 200 ba, da mai shan kortizon kullum na sati biyu ko fiye. Mata masu shan sha-ka-fashe don ƙiba, da ku nake, wasu ƙwayoyin nan kortizon ne, ku faɗa mana, ba mijinki zan je in gaya wa ba. Duka biyun kuma ana son a yi su aƙalla kwana 10 kafin tafiya, saboda haka kar ka zo min ana gobe jirgi da takardar wata uku a aljihu duk ta yi laushi da zufa. Ka sake analiz yanzu, ka kawo tsohuwa da sabuwa mu jera su.

An ƙara wa yarona jini da damina, ga lokacin allurar ƙyanda ya yi.

Ki zo da karne, katin allurar yaron, ki faɗa wa majo, ma'aikacin asibiti, ranar da aka ƙara. Jinin wani na iya rage ƙarfin allurar ƙyanda, akan jinkirta ta wasu watanni, sauran allurai a ci gaba da su.

An gano ina da ciwon hanta B, in yi rigakafinsa?

Kai ya wuce ka, sai bibiya wajen likita. Matanka da yaranka za ka kwaso a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa.

Ina da ɗan mura yau.

Zo. Zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗaga. Kuma in an yi maka ka zauna a bencin nan minti 15, babur ɗinka ba inda zai je.