Inshorar kuskuren sana'a a Saudiyya

Inshorar kuskuren sana'a yarjejeniya ce da kamfanin inshora ke ɗaukar nauyin biyan diyya da kuɗin shari'a idan mai sana'a ya jawo wa abokin hulɗarsa asara ta hanyar kuskure, sakaci ko gurguwar shawara. A Saudiyya ana kiranta da Larabci ta'aminul mas'uliyyatil mihaniyya. Masu buƙatarta su ne waɗanda iliminsu ne hajarsu: likita, injiniya, akanta, lauya, mai fassarar takardu. Ba ita ce inshorar gobara ba, ba kuma ita ke biya idan baƙo ya zame ya karye a ƙofar ofis ba.

Tambayar da Bahaushen Makka ko Jidda kan fara yi ita ce ta halacci. A 1977 Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta halatta inshorar taimakekeniya, wato wadda masu biya ke haɗa kuɗi don tallafa wa wanda asara ta samu a cikinsu, ta haramta ta kasuwanci. Bayan shekara biyu aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, ƙarƙashin Bankin Faisal. Dokar Saudiyya ta 2003 ta ɗora kamfanoni kan tsarin taimakekeniya, inda kashi 10 cikin 100 na rarar da aka samu kan koma wa masu biya. Babban bankin ƙasar ne ya riƙa sa ido a kansu har 2023, lokacin da aka kafa Hukumar Inshora. Duk kamfani ko dillalin da ba shi da lasisinta, kada a ba shi ko riyal ɗaya.

Ga likitoci da likitocin haƙori, doka ce ta wajabta ta. Sauran masu sana'a kuwa, sau da yawa mai ba da kwangila ne ke gindaya ta a cikin sharuɗɗa. Dokar mu'amaloli ta 2023 ta bayyana cewa wanda kuskurensa ya cutar da wani, shi zai biya. Diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, kuɗin da zai iya durƙusar da ƙaramin asibitin unguwa dare ɗaya.

Inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi faɗawa rami shi ne batun lokaci. Akasarin takardun wannan inshora ba sa duba ranar da aka yi kuskuren kaɗai. Suna duba ranar da aka kawo ƙorafi. A ɗauka wani ƙaramin ofishin lissafi a Jidda ya yi kuskure a takardun zakka da haraji na wani ɗan kasuwa bara. Ba a gano ba sai bana, bayan mai ofishin ya bar inshorarsa ta ƙare don rage kashe kuɗi. Ba za a biya shi ba, duk da cewa lokacin da aka yi aikin yana da inshora. Haka nan akwai ranar da kamfani ke rubutawa a takarda, wadda aikin da aka yi kafin ta ba ya cikin kariya. Mai sauya kamfani don neman araha ya tabbata sabon ya amince da tsohuwar ranarsa, in ba haka ba ayyukan shekarun baya duk sun zauna a rana. Wanda zai rufe sana'a ma ya nemi ƙarin wa'adin karɓar ƙorafi.

Sai iyakar biya. Iyaka biyu ce: ta ƙorafi guda, da ta shekara gaba ɗaya. A tambaya ko kuɗin lauya daga cikin wannan iyaka ake cirewa, domin doguwar shari'a kan cinye rabo tun kafin a zo kan diyya. Akwai kuma tahammul, wato kason da mai sana'a zai fara biya daga aljihunsa. Idan ya yi yawa kuɗin inshorar da ake biya a shekara kan sauka, amma bai kamata ya wuce abin da asusun ofis zai iya fitarwa cikin mako guda ba. A lissafa da harajin kashi 15 cikin 100 da ke hawa kan kuɗin inshorar.

Zamba, laifin ganganci da aikin da ba ya cikin lasisin mutum, ba a biyansu. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanenmu ƙwarai, domin da yawa suna aiki ne ƙarƙashin rajistar wani: sunan da ke takarda da aikin da aka rubuta su ne kaɗai ke da kariya.

Da zarar ƙorafi ya iso, a sanar da kamfani a rubuce, kada a amsa laifi ko a yi sulhu a zaure ba da saninsa ba. Idan kamfani ya ƙi biya, akwai kwamitocin sasanta rigingimun inshora da ake kai ƙara gabansu.